Ƙayar Kurungu da Mil Goma Sha Uku

Abu biyu kuka daɗe kuna damuna a kansu, ku 'ya'yana, kuma tunda hannuna bai saki alƙalami ba tukuna, bari in sallame ku gaba ɗaya. Na farko ɗingishina. Na ji Hadiza tana gaya wa 'ya'yanta wai a yaƙi na samo shi, wani cikinku kuma ya ce doki ne ya kayar da ni. Ban taɓa riƙe bindiga ba, doki kuwa ko linzaminsa ban taɓa kamawa ba. Kifi ne ya yi mini wannan aikin, kifin ma ɗan ƙarami da bai wuce tafin hannuna ba. Na biyu tsakar gidan nan da kuke ta fama in bari a zuba mata siminti ina ƙi, kuna cewa tsufa ne ya sa mini taurin kai. Taurin kai ina da shi tun kafin furfura, amma ba shi ne dalili ba. Abubuwan nan biyu labarinsu ɗaya ne, kuma a cikin wata guda suka faru.

A shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma dama ina da shekara ashirin da ɗaya, kuma duk unguwarmu a Haɗeja ba mai kirana Umaru. Tambaya ake ce mini, sunan kuwa bai zo a banza ba. Da na gama firamare an kai ni wurin tela, na yi wata biyar, ran da maigidan ya tafi jana'iza na kwance keken ɗinkinsa don in ga yadda zaren ƙasa yake kama na sama. Na gani, abin ya burge ni ƙwarai, daga ranar kuma ɗinki ya fita raina. Aka kai ni wurin mai gyaran keke, nan ma haka. Na zauna da maƙeri, na zauna da mai gyaran agogo a bakin kasuwa. Ba lalaci ke damuna ba, don ina iya wuni a kan abu ban tuna da abinci ba. Ciwona shi ne da zarar na gano cikin abu sai ya zame mini kamar raken da aka tsotse. Har ƙararrawar keken Baba Sale mai goro, aminin mahaifina, sai da na buɗe, na kasa mayar da wani ɗan ƙarfe wurinsa, tun daga ranar take kuka kamar akuya mai mura.

Kakanku, wanda muke kira Baffa, jikan makiyaya ne da suka zauna a gari. Yana noma, yana da shanu a fadama, kuma kunyar Fulani bai zubar da ko ƙwaya ɗaya daga cikinta ba. Ni ne ɗan farinsa. Ku da kuke zama kusa da ni kuna taɓa mini hula ba za ku gane nauyin wannan ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, bai taɓa kallon fuskata ba, hannunsa bai taɓa sauka a jikina ba ko da sunan duka. In zai yi maganata sai ya ce "wannan", ya juya wajen yayarsa Goggo Dije, wadda ita ta raine ni, ya faɗa mata, ita kuma ta juyo ta faɗa mini, alhali mu ukun muna tsaye a inuwa ɗaya. Na san al'ada ce, amma sanin bai hana abin yi mini ciwo ba, kuma a raina na riga na yanke cewa mutumin nan bai damu da ni ba. Yana kuma da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ɗaure mini kai. Ba a share tsakar gidanmu da safe sai ya dawo daga masallaci ya ratsa ta, kansa a sunkuye, ya je ya leƙa turken awaki. Duk wadda ta riga shi da tsintsiya ta shiga uku. Na tambayi Goggo dalili ya fi sau goma.

"Ga shi can, bakinsa ba a ɗinke yake ba. Je ka tambaye shi," in ji ta, don ta san ba zan iya ba.

Abu ɗaya ne na kasa kwancewa in ga cikinsa, shi ne kogi. Ruwan sama zai yi ta zuba a kanmu kogin yana kwance abinsa, sai damina ta yi nisa a wayi gari a ga ruwa ya malale fadama iya ganin ido, jajawur, yana ɗauke da itatuwan da ba irin na ƙasarmu ba. Daga ina yake? Wa ya tsare shi a hanya duk kwanakin nan? Me ya sa bana zai kai gindin giginyar can, baɗi ya tsaya nesa da ita? A shekarar nan wasu ma'aikata suka zo suna kafa sanduna masu lambobi a bakin ruwa. Na bi su kwana tara ina riƙe musu igiyar awo ba wanda ya sa ni, ina yi musu ruwan tambayoyi, har babbansu ya gaji ya ciro wata takarda ya ba ni. Ta neman shiga makarantar koyon awon ruwa ce, shekara biyu, can Kaduna. Ya ce a mayar masa kafin ƙarshen wata, kuma dole sai da sa hannun uba. Na ba Goggo ta kai. Baffa ko taɓa takardar bai yi ba.

"Ki tambayi wannan, ina ɗinki? Ina gyaran keke? Ina ƙira? In ya bar abu rabi a cikin gari, kunyar a gari ta tsaya. Ba zan sa hannuna ya je ya bar abu rabi a garin mutane ba."

Bayan kwana uku mai shela ya zagayo unguwa. Wai an turo sabon jami'in wasanni, wani saurayi mai gajeren wando da usur a wuya, ya shirya abin da ya kira rabin gudun yada-ƙanin-wani. Za a kwashi masu so a mota a kai su wata tsamiya a kan hanyar Guri, mil goma sha uku da 'yar ɗoriya, su dawo gari da gudu. Muna tsakar gida aka yi shelar, Baffa yana tufkar igiya.

"Mil goma sha uku, kuma wai rabi ne?" in ji Goggo. "To cikakken sai a Nguru za a tsaya? Ba kura a baya, ba gobara a gida, ƙato ya kama gudu!"

Ni kuwa hankalina ya riga ya tafi wani wuri. Na ce, ni abin da nake so in sani, in abincin da ke cikin mutum ya ƙare yana cikin gudu, daga ina sauran ƙarfin yake fitowa? Baffa bai ɗago kai daga igiyarsa ba.

"To ga inda wannan zai samo amsa. In ya kai ƙarshensa da ƙafarsa, ba ɗauko shi aka yi ba, ki kawo mini takardar."

Na tabbata gatse ya yi. Amma Goggo ta tafa hannu ta ce ta ji, Inna mahaifiyata ma ta ji daga madafa, magana kuwa zarar bunu ce. Washegari na rubuta sunana. Mako biyu ina fita da sassafe ina gudu zuwa bakin kogi in dawo, mata masu ɗiban ruwa suna kauce mini suna salati, wani tsoho har ya taɓa tare ni ya tambaye ni abin da na sata.

Yanzu sai in gaya muku Bukar, wanda kuka sani da Baba Bukar mai kawo mana bandar kifi. Babarbare ne, iyayensa masunta daga wajen Guri, tare muka yi makarantar allo. Kun san tsakanin Fulani da Barebari sai wasa, to mu namu ya wuce misali: bai taɓa kirana da komai ba sai "bawana", ni kuma ina ce masa mai warin kifi. Su ne masu kwanciya rubda ciki a kan ƙatuwar gora su bi ruwa da koma a hannu. Shekara da shekaru ina tambayarsa sirrin sana'arsu, amsarsa ɗaya ce, wai ilimin ruwa ba na masu bin wutsiyar saniya ba ne. Saura kwana huɗu a yi gudun, ranar Talata da yamma, na biya ta wani tafki da ruwa ya janye ya bari, na same shi yana zazzage gorarsa a kan gaɓa. A cikin kifin akwai kurungu, ɗan kifin nan mai ƙaya uku da ke gurnani in an fito da shi. Na daɗe ina son sanin ta inda kukan yake fita, tunda bakinsa ba ya motsi. Na tsuguna, ya yi ta zillo, sai na sa ƙafar hagu ba takalmi na danne shi don in duba da kyau.

"Bawana, ɗauke ƙaf..."

Bai ƙarasa ba. Kifin ya miƙe ƙayarsa ta baya ta shige mini kusa da diddige. Kuma wallahi, a cikin azabar nan, sai da na lura cewa ƙayoyin gefensa ne yake gogawa a gindinsu suke ba da kukan. Na sami amsata. Bukar ya zare ƙayar, amma tana da ƙananan haƙora masu komawa baya, ya duba tsininta ya ce ya karye a ciki. Ya dafa ruwa da kanwa ya tsoma ƙafar, ya ce in tafi asibiti a tsaga a cire. Na ce in aka tsaga ba gudu, in ba gudu ba takarda, kuma malamin asibitin a sahu ɗaya suke salla da Baffa. Na sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba. Ya rantse yana zagina. Kwana huɗun nan, in da mutane a tsakar gida sai in cije in taka ƙafar daidai, ina murmushi, sai na tabbata ba ido a kaina nake ɗage diddigen. Na ɗauka na rufe kowa.

Ranar Asabar na naɗe ƙafar da tsumma na cusa ta cikin takalmin kambas na aro. Mun kai mu arba'in a bayan motar: 'yan makarantar sakandare, 'yan sanda, wasu sojoji uku, da wani manomi da ya ce shi dai ya zo ne a kai shi ya ga gonar surukinsa. Hanyar burji ce da aka ɗaga a tsakiyar fadama, ruwa dama da hagu, shinkafa ta sunkuyar da kai, kuma kowane mil akwai farin dutse da lamba. Jami'in ya ce doka ɗaya ce, duk wanda aka taɓa ko aka tallafa ya fita. Ya busa usur. Mil uku na farko ƙafar ta yi shiru har na fara raina abin, ina wuce 'yan sanda ina yi musu sannu. A na huɗu na ji wani abu ya fashe a cikin takalmin, ɗumi ya cika shi. Daga nan kowane taku sai in ji kamar an soka mini tsinken tsire har cikin ƙugu. Waɗanda na wuce suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Kafin dutse na biyar ba kowa a bayana sai motar da ke tafe a hankali tana kwasar waɗanda suka gaji, su kuma suna zaune a sama suna shan rake.

"Hawo, Tambaya, akwai wuri!"

Jami'in ya leƙo ya ga takalmin ya rine, ya ce in hau. Na tsaya a jikin dutsen, kuma ba zan ɓoye muku ba, hannuna ya fara ɗagawa zai kama ƙarfen motar. Sai na ji murya daga baya.

"Af! Ashe gaskiya ne Bafillace sai da sanda yake tafiya."

Bukar ne a kan keke, yana tuƙi yana tangaɗi don bai iya sosai ba, da goran ruwa a rataye. Mutumin da ya ce mini shi kifi ne, ba abin da zai kai shi tudu ranar nan. Ya sauka ya ajiye goran a kan dutsen don kada hannunsa ya taɓa nawa, na ɗauka na sha.

"Shekara nawa kana damuna da tambaya?" in ji shi. "To yau kasuwa ta buɗe. Kowane farin dutse ka kai da ƙafarka, tambaya ɗaya, amsa ɗaya, ba ƙarya. In ka hau motar nan kuwa, har ka mutu ba za ka san inda gaiwa take zuwa da rani ba."

Ku duba mugunta. Ya san inda ƙaiƙayina yake. Na sauke hannuna. Jami'in ya girgiza kai ya ce zai jira ni a fili har a kira azahar, bayan nan bai san ni ba, motar ta wuce ta bar mu. Na koma gudu, in dai za a kira abin da nake yi gudu: in taka dama da ƙarfi, in ɗan dangwala yatsun hagu, in sake. Bukar yana gefena yana ta surutun banza, ya ƙi ko kallon ƙafar. Duk tsawon mil ɗin nan ban yi tunanin ciwo ba kamar yadda na yi tunanin wace tambaya zan fara da ita.

A dutse na shida na tambaye shi yadda gora ba ta kifewa da su. Ya ce wanda ya ƙanƙame ta shi take kayarwa, sai dai ka sake mata cikinka ka bar ta ta nemi daidaitonta, kuma in kifi ya fara taruwa a cikinta sai ta ƙara zama. Na ce shi ke nan? Ya ce shi ke nan, amma shi sai da ya sha ruwan tafki na shekara guda kafin cikinsa ya yarda. A na bakwai na tambaye shi ko gaskiya ne kakansa yana magana da kada. Ya yi dariya har keken ya kusa kai shi cikin shinkafa.

"Ƙarya ce. Tsohon dai ya san kadan da ya ƙoshi da wanda bai ƙoshi ba. A gaban mai ƙoshin yake yin surkullensa in 'yan birni suna kallo."

A na takwas ya gaya mini yadda suke sanin inda kifi yake kafin su jefa koma: kunne suke mannawa a jikin gorar, ita take kawo musu abin da ke ƙarƙashi, kuma kowane kifi da irin motsinsa, kurungu ma can ƙasa yana wannan gurnanin da ya jawo mini. Na ji daɗin wannan amsar har na manta na taka diddigen, na yi ƙara, belbelu suka tashi daga cikin ruwa. Tsakanin na takwas da na tara kuwa sai wani sabon abu ya zo wanda ba ciwo ba. Ƙafafuna suka zama ba nawa ba, idona yana ganin hanya tana nisa maimakon ta matso, cikina ya zama fanko. Na gane wannan ne wurin da nake tambaya a tsakar gida, inda abinci yake ƙarewa. Abin mamaki, tsoro da murna suka kama ni tare, don ga ni a cikin amsar tsundum amma ban san ko zan fita in ba da labari ba. Na kai dutsen da ƙyar na ce, gaiwa.

"In tafki zai ƙafe, sai ta nutse cikin laka ta naɗe, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar 'yar ƙofar numfashi. Ƙasa ta bushe a kanta, shanunku su bi ta kai su wuce."

Na ce, to me take ci duk tsawon rani?

"Wannan tambaya ta biyu ce, amma na ba ka gyara. Jikinta take ci, kaɗan-kaɗan, har ruwa ya dawo. Kai ma yanzu abin da kake yi ke nan. Tafi."

Dab da dutse na goma wani garken shanu ya hau kan hanya zai tsallaka. Bukar ya rikice, ya danna ƙararrawa, sai ta yi kukan akuya mai mura. Na waiwaya na dubi keken da kyau a karo na farko. Na Baba Sale ne. Baba Sale kuwa ko ɗan cikinsa ba ya ba aron keken nan, mutum ɗaya tak yake ba a duk garin, kuma ba Bukar ba ne. Duk tambayoyin da na tanada a kan ruwa suka watse. Da muka kai dutsen na ce, wa ya ba ka keken nan?

"Wannan amsar ta dutsen ƙarshe ce."

Na ce ba haka muka yi ba. Ya ce in kai shi ƙara wurin alƙali in mun isa. A na goma sha ɗaya na sake tambaya, ya sake ba ni amsar nan. Rana ta take, gari ya fara bayyana, inuwata ta shige ƙarƙashina. Kaɗan ya rage in kai na goma sha biyu ƙafar ta ƙi, na zube a kan gwiwoyi da tafin hannu, burji ya shiga fatata. Bukar ya jefar da keken ya zo ya tsaya a kaina. Na ga ya kai hannayensa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya, kuma muryarsa ba wasa a cikinta ko kaɗan.

"Umaru. Faɗuwa ka yi, ko hutawa kake yi? Ka gaya mini gaskiya, don abin da zan yi yana kan amsarka."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Na daɗe ina kallon ƙasa, jini yana ɗiga daga bakin takalmin. Ban yi tunanin Kaduna ba, ban yi tunanin takarda ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in aka ɗora ni a keken nan ba zan taɓa sanin wa ya ba da shi ba.

Na ce, hutawa nake yi.

"To ka huta ya isa. Tashi, bawana."

Yadda na yi mil ɗin ƙarshe ba zan iya ba ku labari ba, don ni ma ban sani ba. Na dai san mun shiga filin makaranta an riga an raba kyaututtuka, wanda ya zo na ɗaya ya tafi da bargonsa tun hantsi, 'yan kallo sun watse sai masu talla suna haɗa kaya. Jami'in nan, Allah ya saka masa, yana zaune shi kaɗai a kan benci. Da ya hango ni ya tashi ya kira wani mai rake, suka ja igiya suka riƙe mini kamar ni ne na farko. Ƙirjina ya taɓa ta, ya busa usur, ladan kuma ya ɗaga murya. Na zauna a ƙasa na kama rigar Bukar na ce, amsata. Sai ya turo baki wajen wata tsamiya a ƙarshen filin. Wani mutum ne a tsaye ya ba mu baya, ya buɗe bakin jakin wani yana duba haƙoransa da matuƙar natsuwa. Ko a cikin dubu na san rawanin Baffa. Kuma gidanmu ba a taɓa neman jaki ba.

"Bayan sallar asuba ya same ni a bakin ruwa yana turo keken," in ji Bukar. "Ya ce, 'Abokinka ƙafarsa ta hagu ba lafiya, yau kwana huɗu. Ka bi shi. In ya faɗi ka ɗauko shi, in bai faɗi ba kada ka taɓa shi.'"

Na ce, ka karya rantsuwa. Ya ce Alƙur'an bai gaya wa ko gorarsa ba. Kafin in sake dubawa, mai duba jakin ya bi ta bayan makaranta ya tafi.

Bukar ya goyo ni a keken zuwa gida. Bayan la'asar Baffa ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya sa askarsa a wuta, irin yadda yake yi in saniya ta taka ƙaya. Ya ce wa Goggo ta danne kafaɗun wannan. Sannan ya zauna ya ɗauki ƙafata ya ɗora a kan cinyarsa. Tafin hannunsa yana da kaushi da ɗumi. Shekara ashirin da ɗaya ban san haka ba. Na yi kuka sosai, kowa ya ɗauka askar ce, na bar su a haka. Ya ciro tsinin ƙayar, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, ya ɗaure wurin, ya ce wa Goggo ta kawo takardar. Ya sa hannu da ajami, a hankali, ya hura tawadar. Ni kuwa hali zanen dutse, ko a wannan halin sai da abin ya motsa.

Na ce, "Goggo, ki tambayi Baffa yadda aka yi ya sani."

Inna ta leƙo daga ɗaki. Baffa yana goge askar, idonsa a kanta.

"Saniya ma in ta taka ƙaya ba ta faɗa, sawunta ake dubawa. Ran Laraba da safe diddigensa na hagu ya daina taɓa ƙasa."

"Kai da ba ka kallonsa?" in ji Goggo.

"Fuskarsa ce ba na kallo. Sawunsa kuwa, tun ran da ya fara tafiya ban taɓa fita ban duba ba."

Ya miƙe ya saka askar a kube ya fita, wai zai mayar wa Sale kekensa.

Ƙafar ba ta yafe mini ba. Ta kumbura har gwiwa, na yi mako biyar a asibiti, likita ya ce gudun ya tura ƙayar ta ci jijiya, diddigen ba zai ƙara zama daidai ba. Da sanda na tafi Kaduna, na yi shekara biyun cif, na dawo na yi shekara talatin da wani abu ina bin kogin nan da sandar awo, kuma shi kaɗai ne abin da na buɗe cikinsa bai fita raina ba. Na gano ruwanmu daga duwatsu masu nisa yake tasowa, yana tafe yana cika kowace fadama a hanya kafin ya iso mu. Amma ban ƙara gudu ba ko taku goma, ban iya bin ɗayanku a guje sa'ad da kuke ƙanana ba, ɗawafi ma a kujera aka tura ni. Wauta ce na yi da ban je an cire ƙayar ba, kuma kada wani cikinku ya yi koyi da ni. Bukar, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya yana ba da labarin Bafillacen da ya sayar da ƙafarsa a kan sirrin da kowane yaro a Guri ya sani. In na ce masa ai shi ya kai ni ƙarshe, sai ya ce shi bai taɓa ni ba, akwai shaidu.

To ga maganar siminti. Ni ban yi muku kunyar ɗan fari ba, ina kiran sunan kowa, ina kallon fuskar kowa. Sai dai na lura fuska ta iya ɓoye abu, musamman taku. Kowace safiya in na dawo masallaci ina ratsa tsakar gidan nan. Na san lokacin da Sani ya rasa aikinsa yana fita da jaka kamar mai zuwa ofis, don sawunsa ya gajarce yana jan ƙasa. Na san Hadiza tana da ciki kafin ta gaya wa uwarta. Ban ce muku komai ba, na dai aika wanda ya kamata in aika. In na mutu ku zuba simintinku har bakin zaure. Kafin nan a bar mini ƙasata, kuma ku gaya wa matanku su daina riga ni da tsintsiya.